Sito Mai Ƙofa Ɗaya

Jirgina na sayar na gina shaguna. Ba ƙaramin jirgi ba, mai inji ne, wanda ke ɗauko buhunan shinkafa da babura daga Warra zuwa Yelwa. Mutane sunka ce Tanimu ya zautu. Na ce na ji. Ruwa ya ci ubana, ya ci wana, ba ni zama in jira nawa. Na sayi fili bakin titi nan Tungar Gwanki, daidai inda gidajen Yelwa ke ƙarewa gonaki su fara. Na jera shaguna da bulo, na yi babban sito a ƙarshensu. Bangon siton da hannuna na ɗura wa siminti, rami bayan rami, don kada ɓarawo ya huda. Na sa masa ƙofar ƙarfe wadda ko sa ya tunkuye ta sai ya ji a ƙahonsa.

Lokacin da na aza tubalin farko, titin nan ba ya rabuwa da motoci. Kafin in buga kwano, maganar 'yan bindiga ta shigo ƙasarmu. Yau a ce sun shiga wani ƙauye can bayan Shanga, gobe a ce sun kora shanu wajen Ngaski. Mai kemis da ya kama shago ɗaya ya kwashe kayansa ya koma cikin gari. Tela ya bi shi. Shagunan sunka zauna haka nan, zanzaro na gini a kusurwa, awaki na kwana a baranda.

Matata Mariyamu ba ta ɓoye magana. Ta ce, “Malam, ka sayar da abin da ke ciyar da mu, ka gina wa awaki masauki.”

 

Wani direban motar kifi ya haɗa ni da Samuel. Mutumin Zuru ne, yana da injin ƙanƙara a Kontagora, mai aiki da sola. Wuri yake nema kusa da ruwa. Duk wanda ya san bakin tafkin nan ya san ciwonmu: masunta su fito da giwan ruwa da ragon ruwa masu kyau, kafin azahar sun fara wari, sai mata su bandace su a sayar da araha. In ƙanƙara ta zo, motocin ɗanyen kifi nan za su riƙa tsayawa. In sun tsaya, mai abinci na son shago, mai faci na so, mai cajin waya na so. Samuel shi ne uwar kaza. In ta shiga akurki, 'yan tsaki na biyo ta. In bai shiga ba, ni da shagunana mun mutu tsaye.

A waya abu ɗaya ya tambaye ni. Ya ce, “Malam Tanimu, wurin lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau. Ba a taɓa shigo mana ba.”

Kuma gaskiya na faɗa. Ba a taɓa ba.

Munka sa rana, ranar kasuwarmu, don ya ga gari cike. Ya ce yana tafe bayan azahar.

To mu nan ba mu faɗin abu kafin ya nuna. Baki na kashe abu tun yana cikin ƙwai. Ga shi kuma akwai masu shaguna a Warra da cikin Yelwa da nasu ke zaune babu kowa, in sunka ji labari a hanya za su tare min baƙo. Ko Mariyamu ban gaya wa ba. Mutum ɗaya na kira gefe, Ɗanladi, taubashina, shugaban 'yan kabu-kabu na tungarmu. Dalili, yaransa sun mai da inuwar sitona tasha, ina son su ɗauke baburansu ranar.

Ya ce, “Wane ne baƙon? Ko dai mai sayen takin awaki ka samu?”

Na ce, “Ubangidanka ne. Mutum ne wanda in ya zauna nan, har kai mai ƙaton ciki sai ka samu fasinja.”

“Babba ne ke nan?”

“Babba. Amma Ɗanladi, in na ji maganar nan bakin wani, ko matarka, sai na tsinke maka kunne.”

Ya kama haɓa ya ce, “Bawana, ka taɓa jin na tona asirin bawana?”

Ya riƙe amana. Da ma bai riƙe ba.

Ranar, tun da hantsi ina sharar baranda sai ga wata 'yar a-kori-kura ta tsaya. Wani gajere, kakkaura, ya fito. Samuel ne. Na ce, “Oga, ai bayan azahar ka ce.”

Ya ce, “Yanzu mai hankali ba ya faɗin lokacin da zai bi hanya.”

Na lura bai kashe mota ba sai da ya juya hancinta ya kalli inda ya fito.

Kasuwa ta cika yadda nike so. Tsallaken titi mata sun baje kifi, banda da ɗanye, ga warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin nan, tuli a kan tabarmi, ga Kambarawa da doya da gero, ga Fulani da nono. Can ƙasa jirage na ta shigowa bakin ruwa. Samuel ya tsaya ya daɗe yana kallon kifin. Amma ya fi daɗewa yana kallon gabas, inda gonakin shinkafa sunka ƙare daji ya fara.

Ya ce, “Mi ke bayan can?”

“Daji.”

“Bayan dajin fa?”

“Wani dajin.”

Bai yi dariya ba. Ya duba kwanon rufi, ya ce zai ɗauki farantan sola. Munka shiga sito. Ya ƙwanƙwasa bango da makullin motarsa, ya ji shi tauri kamar dutse. Ya ɗaga kai ya ga 'yan ramukan iska can sama, waɗanda ko kyanwa ba ta wucewa.

Ya ce, “Ƙofa ɗaya ce?”

Na ce, “Ɗaya. Ban bar wa ɓarawo ta biyu ba.”

Na faɗa da alfahari. Ya dube ni kawai.

Muna tsaye nan bakin ƙofa kasuwa ta yi tsit. Ba ka san ƙarar kasuwa ba sai ta ɗauke. Sai na ji abin da matan sunka riga ni ji. Wani gurnani can nesa, kamar zuma ta taso. Babura ne. Ba biyu ba, ba goma ba. Kuma ba ta titi suke tafe ba, ta gabas, ta burtalin shanu, inda ba mai bi da babur sai wanda ba ya son a gan shi.

Sai bindiga ta tashi. Wata ta amsa.

Wata mata ta ƙwalla ihu, “Sun zo!”

Ban taɓa ganin kasuwa ta watse haka ba. Ba mai ɗaukar komai. Tire, kwando, takalmi, duk a ƙasa. Kowa ya nufi ruwa, don kowa ya san babur ba ya bin jirgi. Maza na ɗaukar tsofaffi a kafaɗa, mata na fizgar yara, nasu da ba nasu ba. Waɗanda ke wannan gefen titi sunka ga inda jirage ke tsayawa ya yi musu nisa, ga jerin shagunana ya tare hanyar ruwa ta kusa, sai sunka yo kanmu. Inna Hawwa mai ƙosai ce gaba, tana jan ƙafa, bayanta mata da yara da wasu Fulani biyu. Sunka ɗuru cikin sito. Samuel ya dubi motarsa, ya dubi ƙurar da ta taso gab da gonaki, ya ga ba ya kaiwa. Shi ya jawo ƙofa, ni na danna sakata sama da ƙasa.

Duhu. Zafi. Numfashin mutane kawai.

Wasu na salati ƙasa-ƙasa, wata na kiran Yesu, wani jariri ya buɗe baki uwar ta cusa masa nono da ƙarfi. Amma na ce a raina, ƙofar nan ba ta ɓalluwa. Na ma faɗa a fili, don mata su ji sanyi. Na ce, “Ku kwantar da hankali. Ko da gatari sunka zo ba su shiga.”

Samuel ya matso har ina jin zufarsa. Ya yi magana a kunnena, don kada su ji.

“Ba su fasa irin wannan ƙofa. Ba su wahalar da kansu. Fetur suke zubawa ta ƙasa.”

Na ce, “Wa ya gaya maka?”

“Shagon ƙanena ma ƙofar ƙarfe gare shi.”

Na dubi ƙasan ƙofar. Akwai wani siririn haske tsakaninta da daɓe, faɗin yatsa. Ni na ce wa maƙeri ya bar shi don kada ƙofa ta riƙa goga. Na kasa ɗauke ido daga hasken nan. Na ja da baya ina taka ƙafafun mutane har na kai bangon baya, na shafa shi. Bayan bangon nan gangare ne, sai ciyawa, sai ruwa. In ka yi kira daga nan, na cikin jirgi na jin ka. Amma ni na ɗura wa bangon siminti. Na kai masa naushi, ya mai do min da hannuna. Na gina wa mutane kabari, na sa masa fenti.

Baburan sunka iso. Ƙasa na rawa. Sunka zagaye gaban shaguna suna murɗa wuta, bindiga na tashi har kwano na amsawa, warin albarushi na shigowa ta ramukan sama. Wata yarinya ta saki fitsari, na ji ɗuminsa a ƙafata. Hasken ƙasan ƙofa ya yanke, ya dawo, ya yanke. Ƙafafun mutane ne.

Sai injuna sunka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shirun ya fi ƙarar muni.

Anka buga ƙofa.

“Tanimu! Tanimu, kana ciki? Buɗe!”

Muryar Ɗanladi ce. Na kai hannu ga sakata, Inna Hawwa ta cafke min riga. Tsohuwa ce amma riƙonta kamar ƙaguwa.

Ta ce, “Kar ka kuskura. Haka suke yi. Su kama wanda ka sani su aza masa bindiga a wuya ya kira ka.”

Gaskiya ta faɗa, kowa ya ji ana yin haka. Na tsaya. Na ce bari in gwada shi. Tun muna yara ban taɓa zagin Ɗanladi ya bar ni ba rama ba, ko a gidan makoki. Na sa baki jikin ƙarfe na ce, “Wane bawa ne ke buga ƙofar ubangidansa?”

Na jira ya ce uwaka, ko ya ce mai kan kwakwa. Bai ce ba. Muryarsa na rawa ya ce, “Don Allah Yaya ka buɗe.”

Yaya. Bai taɓa ce min Yaya ba. Mata sunka fara kuka a hankali. Samuel ya dafa ƙofa da hannu biyu yana girgiza kai, kar in buɗe.

Ɗanladi ya sake bugawa. “Ba kowa, mu ne! Wallahi mu ne! Jirgin Sarkawa masunta ya kife da mutane, an ce Mariyamu na ciki!”

Ban san lokacin da na ture tsohuwar ba. Ko da bindiga a wuyansa, ko babu, na zare sakata.

Haske ya mare ni. Da idona ya washe, ga babura cike da fili, kowanne an ɗaura masa ganyen dogon yaro a kai. 'Yan kabu-kabunmu ne, duk na san su, na san iyayensu. Ga mafarauta da bindigoginsu na toka, sun sauke su ƙasa kamar masu jin kunya. Ga makaɗi da kalangu a hammata, bai ko fara kiɗa ba. Ba wanda ya iya kallona.

Ban tsaya ba, na ruga bakin ruwa ina tsallake kifi da ƙwarya. Jirgin na nan kife, bai yi nisa da gaɓa ba. Mutane sun yi masa yawa, da mai tuƙi ya juya sai ya kwanta. Allah ya sa lokacin janyewar ruwa ne, wurin iya ƙirji. Masunta da wasu daga cikin 'yan baburan sun riga sun faɗa suna tsamo yara. Na sami Mariyamu zaune cikin laka, ba ɗankwali, tana aman ruwa, riƙe da ɗan wata da ba ta ma san ko na wa ne ba. Na tsuguna. Ta dube ni ta ce, “Sun tafi?”

Na ce, “Ba su zo ba.”

Ba a rasa rai ba. Wata ɗiyar Kambarawa ta karye a hannu, wani tsoho ya suma sai da anka danna masa ciki. Sauran jiragen da sunka tsere sun kai tsakiyar tafki, anka yi ta ɗaga musu riga, sunka ƙi dawowa sai la'asar.

Na komo na sami Ɗanladi zaune kan baranda ya haɗa kai da gwiwa. Na ce, “Mi ka yi ke nan?”

Ya ce, “Kai ka ce babban baƙo. Babban baƙo na shiga gari haka nan kamar ɓarawon kaza? Ko alhaji ya dawo ana tarye shi da babura da bindiga, bale mai kawo mana abinci.”

“To ina shela? Tun da abin nan ya fara, wa ke harba ko da ta toka ba a zagaya an gaya wa mata ba?”

Ya ɗago, idonsa jajir. “Wa ya ce ko matata kar ta ji? Na kai yara bayan gonaki munka ɓoye don kada a gane. Da azahar za mu fito titi mu jira shi a hankali. Sai anka kira ni a waya wai ga wata baƙuwar mota gaban sitonka. Na ce mun makara, mu yanke ta burtali.”

Na ɗaga hannu. Na sauke. In na mare shi, ni wa zai mara?

Samuel na cikin motarsa. Na ga yana ta ƙoƙarin sa makulli, makullin na zamewa. Na je na tsaya jikin taga. Ban ba shi haƙuri ba, na san ba ta da amfani. Na ga shagunana sun koma wa awaki har abada.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ka ce ba a taɓa shigo muku ba.”

“Ba a taɓa ba.”

“Amma kun iya gudu.”

Na ce, “Oga, nuna min garin da bai iya ba, in kai ka da kaina.”

Ya ajiye makullin kan cinya. Yana kallon tsallaken titi, inda mata sunka fara dawowa suna tsince kifi daga ƙasa suna kaɗe yashi. Wani ƙaton giwan ruwa na kwance tsakiyar hanya, ƙudaje sun fara taruwa a kansa.

Ya ce, “Wannan kifin, kullum haka yake fitowa?”

“Yau ma kaɗan ne.”

Sannan ya ce, “Ban sake shiga ɗakin can yadda yake. Ko kyauta ka ba ni. Ka fasa bangon baya. Ƙofa mai faɗi, wadda mace mai goyo za ta wuce a guje, kuma ta riƙa buɗewa waje. A share hanya daga nan har ruwa. In ka yi, ka kira ni in zo in gani.”

Na ce, “Ɓarayi fa?”

Ya ce, “Ɓarawo ƙanƙara zai sata.”

Makullin ya shiga. Kafin ya ja, ya leƙo ya ce, “Kuma ka gaya wa ɗan'uwanka, ranar da zan dawo, ko kare kar ya tarye ni.”

Washegari na ɗauko babbar guduma. Bangon nan ya rama abin da na yi masa. Kowane bugu sai na ji shi har haƙori. Ɗanladi ya zo da kurfin huda bango, bai yi sallama ba, ya tsuguna ya kama aiki. Sai da rana ta take ya ce, “Wane jaki ne ya ɗura wa bulo siminti haka?” Na ce, “Ubangidanka.” Daga nan na san ya dawo daidai.

Da ramin ya buɗe, iskar tafki ta shigo siton karo na farko. Na ga ruwa shimfiɗe, kusa ƙwarai, har na ji haushi.

Samuel ya dawo ba tare da ya faɗi rana ba. Ya shiga ta gaba, ya fita ta baya, ya taka har bakin ruwa, ya komo. Bayan sati ya kawo injuna da farantan sola. Ba ya kwana nan, kafin la'asar ya kama hanyar cikin gari, kuma har yau motarsa hanya take kallo. Motocin kifi sun fara tsayawa. Mai faci ya zo neman shago, tun kafin ya tambayi haya ya ce, “Nawa ma da ƙofar baya?” Na fasa masa. Mai abinci ma haka. Yanzu duk wanda ya zo duba shago, ta baya nike fara kai shi, in nuna masa gangare, in nuna masa ruwa. Sauran shagunan da ba a kama ba tukun, duk na huda su.

Mariyamu ta ce ba ta sake shiga jirgin kowa ranar gudu. Don haka ni da na rantse na gama da ruwa, na je Warra na sayo ƙaramin kwale-kwale, na ɗaure shi ƙasan gangaren. Kowace safiya kafin in buɗe ƙofar titi, ta baya nike fara buɗewa, in leƙa in ga yana nan, da filafilin tuƙinsa a ciki. Sannan in tsaya in saurari gabas.